Daga Bencin Baya: Tarihin Kallon Darasin Turanci a Makarantun Midil

Kafin a miƙa wa ɗalibin malanta alli a ce ya tsaya gaban yara, akan zaunar da shi a bencin ƙarshe na aji, da littafi da alƙalami a hannu, a ce ya yi kallo. Kwanaki ne ko makonni da ba a son ya ce uffan. Aikinsa shi ne ya lura da yadda gogaggen malami ke shiga aji, da yadda yake ɗora sabon darasi a kan na jiya, da wanda yake jefa wa tambaya, da abin da yake yi idan yaro ya yi kuskure. A darasin lissafi ko na labarin ƙasa wannan kallo ba shi da sarƙaƙiya mai yawa. A darasin Turanci kuwa, a ƙasar da yara ke tashi da Hausa a baki, akwai tambayar da mai kallon ba ya iya kauce mata tun ranar farko: shin malamin zai bar Hausa ta shigo ajin, ko zai tsayar da ita a bakin ƙofa? Amsar ta sauya sau da dama cikin shekaru ɗari, kuma wurin da aka fara fuskantar batun gadan-gadan a Arewacin Nijeriya shi ne makarantar Midil.

Koyon malanta ta hanyar kallo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A tsangaya, gardi ba ya zama malami don an karanta masa littafin dabarun koyarwa. Yana zama ne don ya daɗe yana ganin yadda alaramma ke biya wa kolo, da yadda yake duba allon titibiri, har ranar da za a ce shi ma ya biya wa na ƙasa da shi. A makarantar zaure kuma, inda ake karanta Ahalari da Ishmawi da Risala da Ajuruma, akwai tsayayyar hanyar koyon baƙon harshe: ɗalibi ya ja baƙi da Larabci kaɗan-kaɗan, malam yana bin sa da fassara cikin Hausa, sa'an nan ya yi sharhi. Da wannan hanya aka yaye malaman da suka yi talifi da Larabci har littattafansu suka ƙetare sahara. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin da yawa daga yaran da suka fara shiga boko daga gidajen sarauta da na malanta suka fito, kuma abin da idonsu ya saba gani shi ne cewa ta kan harshen gida ake hawa a kai ga baƙon harshe.

Ɗaya tushen daga Ingila ya zo. A 1840 James Kay-Shuttleworth ya buɗe kwalejin horon malamai a Battersea, a 1846 kuma aka kafa tsarin da yaro ɗan shekara 13 zai yi shekara 5 yana barantaka a ƙarƙashin hedimasta, yana kallo yana taya koyarwa. Kwalejojin da suka biyo baya suka ƙara abu biyu. Na farko, makarantar gwaji a kusa da kwaleji, inda malamin dabarun koyarwa zai gabatar da darasin nuni ɗalibai na kallo. Na biyu, darasin suka, inda ɗalibi guda zai koyar a gaban 'yan'uwansa, bayan an sallami yara su zauna su feɗe darasin daga kai har wutsiya. Shirin darasin da ake rubutawa a lokacin matakai biyar gare shi, waɗanda almajiran Herbart, wani masani ɗan ƙasar Jamus, suka tsara: shimfiɗa, gabatarwa, kwatantawa, fitar da ƙa'ida, da aiki da ita. Duk wanda ya taɓa ganin littafin shirin darasi na malamin firamare a yau zai gane jikokin waɗannan matakai.

Midil, ƙofar Turanci

Makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 da Hausa take koyarwa, cikin rubutun boko. Haka makarantun lardi da suka biyo ta suka ginu a kan Hausa. Turawan mulki na Arewa ba su yi ɗokin yaɗa harshensu ba; suna gudun abin da suke ganin ya faru a Kudu da Indiya, inda masu ilimin Turanci suka zame musu ƙarfen ƙafa. Amma ofisoshin En'e da na gwamnati na bukatar akawuna, makarantu na bukatar malamai, kuma ba a son a ci gaba da ɗauko su daga Kudu. Wannan ne ya haifi Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922. Kwalejin horon malamai ce, karatunta shekara 5, kuma Turanci ne ƙashin bayansa.

A 1929 aka haɗe ma'aikatun ilimi na Arewa da Kudu a ƙarƙashin darakta guda, E. R. J. Hussey, wanda ya yi aiki a Sudan da Yuganda kafin ya zo. Shi ya kawo tsarin hawa uku: Elementare, Midil, da babbar kwaleji. A Arewa yaro kan yi shekara 4 a Elementare yana karatu da rubutu da lissafi da Hausa. Daga nan a tsinci 'yan ƙalilan a kai su Midil, makarantar kwana ta maza da ke babban birnin lardi, a hannun En'e, ƙarƙashin sa idon Baturen makaranta. Kusan kowane lardi guda ɗaya gare shi. A nan ne yaro da ya riga ya haura shekara goma zai yi kiciɓis da Turanci, kuma ba a matsayin darasi kawai ba, domin ba da jimawa ba da shi za a koya masa tarihi da labarin ƙasa da kimiyya. Saboda haka malamin Turanci na ajin farko shi ke riƙe da mabuɗin makarantar baki ɗaya, kuma ajinsa ne ya fi cancanta mai koyon malanta ya zauna a ciki.

Abin da mai kallo ya gani

Hanyar da ke tashe a lokacin ita ce ta kai-tsaye. A 1878 Maximilian Berlitz ya buɗe makarantar harsuna a Amurka inda aka hana malami amfani da harshen ɗalibi. A 1882 wani malami a Jamus, Wilhelm Viëtor, ya fitar da ƙaramin littafi yana sukar yadda ake koyar da rayayyun harsuna kamar matattu, da haddar ƙa'idojin nahawu da fassara jimlolin da ba mai furta su a kasuwa ko a gida. Masu wannan ra'ayi sun tsaya a kan cewa harshe magana ne kafin ya zama rubutu, don haka kunne ne zai fara, baki ya bi, sa'an nan ido da hannu.

A aikace, malam kan shigo da tarkace: hula, ƙwarya, sanda, littafi. Ya ɗaga abu ya faɗi sunansa cikin cikakkiyar jimla, aji ya amsa gaba ɗaya, sa'an nan sahu-sahu, sa'an nan ɗaya-ɗaya. Ya tashi ya nufi ƙofa yana faɗin abin da yake yi, ya buɗe ta yana faɗi, ya kira yaro shi ma ya yi yana faɗi. Amsa-amo na gaba ɗaya bai zama sabon abu ga wanda ya yi tsangaya ba. Abin da zai ɗaure wa mai kallo kai shi ne rashin fassara. Zai ga kalmar da Hausa guda ɗaya za ta warware cikin ƙiftawar ido, amma malam ya ɓata lokaci yana kwatance da hannu da zane a allo. Ga tebur da ƙofa da gudu da tsalle dabarar tana tafiya sarai. Ga kalmomi irin su haƙuri da amana, ko 'yan ƙananan kalmomin da ke ƙulla jimla da jimla, malam kan yi gumi. Kuma ba za a ce rashin iya Hausa ne ya hana Turawan makaranta fassara ba, domin ma'aikatan mulkin mallaka a Arewa sai sun ci jarrabawar Hausa. Hanin aƙida ce aka ɗauka da gangan. Akwai dai wani uzuri na gaskiya: a Kwalejin Katsina da wasu Midil ɗin, benci guda kan haɗa Bahaushe da Babarbare da Banufe da Bafillace.

Inda aka fi kashe lokaci shi ne lafazi, kuma nan ne ɗalibin Hausa zai fi samun abin nazari, domin kowane tuntuɓe da yaro ya yi tsarin sautin Hausa ne ke magana. Hausa ba ta bambanta p da f a matsayin baƙaƙe biyu masu sauya ma'ana. Shi ya sa pump ya zama famfo, paint ya zama fenti, pencil ya zama fensir, passenger ya zama fasinja. Yaron da ya zo da wannan kunne ba ya jin bambanci tsakanin pan da fan, balle ya furta shi, sai malam ya nuna masa inda leɓe ke haɗuwa da leɓe da inda haƙori ke taɓa leɓe. Hausa ba ta da v, sai b ta maye gurbinta, kamar a direba da baranda. Ba ta da sautukan nan biyu da ake rubutawa da th, sai yaro ya kai su ga s da z. Mafi wuya kuma shi ne cunkoson baƙaƙe. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwai, ko baƙi da wasali da baƙi. Ba ta yarda baƙi biyu su haɗu a farkon gaɓa ba, don haka harshe ke saƙala wasali a tsakani: bread ya koma burodi, brake ya koma birki, plank ya koma filanki. Malamin da ya san wannan ya san inda zai yi kwanton ɓauna; wanda bai sani ba sai ya ɗauka yaran ne ba su da ƙwaƙwalwa. A wani ɓangaren Hausa ta taimaka, domin tana bambanta dogon wasali da gajere, abin da ya sa raba ship da sheep bai yi wa Bahaushe wuyar da ya yi wa masu wasu harsuna ba.

Littafin da ya zama alƙali a fagen lafazi shi ne ƙamusun furuci na Daniel Jones, wanda ya fito a 1917, kuma Kwalejin Katsina ta yi suna wajen tsananta gyaran baki. Masana irin su Munzali Jibril, wanda ya yi nazarin digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a 1982 a kan bambancin lafazin Turancin Nijeriya, sun nuna cewa Turancin 'yan bokon Arewa yana da kamanninsa daban da na Kudu. Cikin dalilan da akan kawo har da cewa makarantun Arewa kaɗan ne, kuma 'yan asalin harshen ne suka koyar da sahun farko.

Bayan lafazi sai ginin jimla da ma'ana. Kowane suna a Hausa namiji ne ko mace, don haka yaro ke kiran mota she, ya kira littafi he, ya rasa inda zai ajiye it. Hausa na bambanta kai da ke da ku, Turanci ya cure su a you. Bahaushe yana jin magana, yana jin wari, yana jin zafi, duk da aikatau guda. Yana shan ruwa, yana shan magani, yana shan wahala. Yana cin tuwo, yana cin jarrabawa, yana cin bashi. Turanci na son kalma daban a kusan kowane ɗaya. A nan ne hanin fassara ya fi nuna gurguntakarsa: an kori Hausa daga bakin malam, amma tana nan zaune a kan kowane yaro tana aikinta, kuma malamin da aka hana ambaton ta ba shi da hanyar da zai ce wa aji, ga inda harsunan biyu suka rabu.

Ba duka jagororin sabuwar hanyar ne suka tsananta haka ba. Harold Palmer, wanda ya yi aiki a Japan daga 1922 zuwa 1936, ya yarda cewa fassara ɗaya ce daga halattattun hanyoyin isar da ma'ana. Kada a rikita shi da Richmond Palmer, wanda ya yi Razdan a Katsina ya kuma shugabanci Jihar Arewa. Suna ne kawai ya zo ɗaya. Harold Palmer ne ya yayata jadawalin musaya, wanda ake zana wa a allo gida-gida, yaro ya ɗauki kalma daga kowane gida ya ƙera jimloli barkatai ba tare da kuskure ba. Michael West kuwa, shugaban kwalejin horon malamai a Dhaka, ya lura cewa yawancin yaran Bengal kan bar makaranta kafin Turancin baki ya amfane su, sai ya ce a fifita karatu, domin shi yaro zai iya ci gaba da shi ko babu malami. Daga nan jerin littattafansa na New Method suka fito tun daga ƙarshen shekarun 1920, da labarai sauƙaƙa da sababbin kalmomi a ƙidaye. Lawrence Faucett ya biyo da Oxford English Course a 1933. Irin waɗannan littattafai suka bazu a ƙasashen da Ingila ke mulka, har da Nijeriya. Hujjar West ta dace da Midil ƙwarai, domin mafi yawan ɗalibanta ba kwaleji za su wuce ba. Malaman En'e za su zama, ko na asibiti, ko na gona, ko na daji, masu karanta takardar ofis fiye da yin hira da Bature.

Waɗanda suka tashi daga bencin

Sunayen waɗanda suka bi wannan hanya sananne ne, sai dai an fi tuna su da siyasa. Ahmadu Bello ya kammala Katsina a 1931 ya koyar a Midil ta Sakkwato har 1934. Abubakar Imam ya kammala a 1932 ya zama malamin Turanci a Midil ta Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kammala a 1933 ya koma Midil ta Bauchi, inda daga baya ya zama hedimasta. Zaƙin Turancinsa ne ya ja masa laƙabin mai muryar zinariya. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, daga baya Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Aminu Kano, wanda ya kammala a Kaduna a 1942, an tura shi Bauchi da Zariya gwajin koyarwa a lokacin horonsa, sa'an nan ya kama aiki a Midil ta Bauchi, inda ya yi suna wajen sa yara wasan kwaikwayo. Tafawa Ɓalewa ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945, Aminu Kano a 1946. Bayan dawowarsa Aminu ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, aka kuma mayar da shi kwalejin horon malamai ta Maru, inda shi ma ya koma mai horar da na bencin baya.

Abin lura ga ɗalibin Hausa shi ne, daga cikin waɗannan malaman Midil ne ƙagaggen labarin Hausa na boko ya fito. A gasar da Rupert East ya shirya a 1933, Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja yana malamin Turanci a Katsina, Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar, Bello Kagara, yayan Imam kuma malami a Kwalejin Katsina, ya rubuta Ganɗoki. Bayan 'yan shekaru Imam ya rubuta Magana Jari Ce cikin littattafai uku don karatun makaranta. Mutanen da ake misali da su wajen iya Turanci su ne kuma gwanayen alƙalamin Hausa, kuma wannan ba arashi ba ne. Sun shiga ajin Turanci bayan sun iya karatu da rubutu da harshensu, wasunsu da Larabci a kai. An zaɓo su ɗaya cikin ɗaruruwa, suna kwana a makaranta, ajinsu ba cunkoso, malaminsu kuma ya mallaki harshen da yake koyarwa. Hanyar kai-tsaye ta samu yabon da rabinsa na waɗannan abubuwa ne.

A nan gizo ke saƙa game da kallo. An ce gani ya kori ji, amma mai kallo abin da ke fili yake gani. Ya ga amsa-amo, ya ga jadawalin musaya, ya ga an hana Hausa. Waɗannan zai rubuta, su kuma zai kwaikwaya. Shekaru huɗu na Elementare da suka share fage ba su bayyana a darasin minti arba'in, haka ma zaɓen da aka yi kafin yaran su zo.

Bayan Midil

A tsakiyar shekarun 1950 aka rushe tsarin Midil: azuzuwan ƙasa suka koma babbar firamare, na sama suka zama tushen sakandaren lardi. Ta Kano ce Kwalejin Rumfa, ta Zariya ce Alhudahuda, ta Sakkwato ce Nagarta. Ko da yake rahoton UNESCO na 1953 ya goyi bayan fara karatu da harshen uwa, iska ta kaɗa ta wani gefen. A 1961 aka yi taron ƙasashen renon Ingila a Makerere ta Yuganda kan koyar da Turanci, wanda daga baya, a 1992, Robert Phillipson ya ce ya ginu ne a kan wasu zato marasa tushe: cewa Turanci da Turanci kaɗai ake koyar da shi, cewa ɗan asalin harshen ne malami mafi dacewa, cewa gwargwadon wurin da aka fara gwargwadon kyan sakamako. A shekarun 1960 Arewa ta karɓi tsarin da aka sani da Straight for English, wato a faɗa wa Turanci tun daga ajin farko na firamare. Da haka aka cire tsanin da 'yan Midil suka hau, aka bar hanin da suka gani a saman tsanin.

Shi kansa kallon darasi ya sake kama. Rahoton Ashby na 1960 ya kai ga buɗe manyan kwalejojin horon malamai, har da ta Zariya a 1962 da ta Kano a 1964, masu ba da takardar NCE. Daga Jami'ar Stanford ta Amurka, a 1963, aka fito da ƙaramar koyarwa, inda ɗalibi zai yi darasi na 'yan mintoci ga mutane kaɗan don gwada dabara guda, a yi masa gyara ya sake. Ned Flanders kuma ya tsara ma'aunin da ya raba duk abin da ke faruwa a aji gida goma, bakwai na maganar malami, biyu na maganar ɗalibi, ɗaya na shiru ko hayaniya, mai kallo yana yin alama kowace daƙiƙa uku. Da shi aka gane cewa malami kan cinye kusan kashi biyu cikin uku na maganar aji, abin da ya kamata ya ba malamin harshe kunya fiye da kowa. Sai dai ma'aunin an ƙera shi ne don aji mai harshe guda. Ba shi da gidan da za a nuna da wane harshe aka yi maganar.

A 1976 aka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa. An yi hasashen yara miliyan 2.3 a ajin farko, sai kusan miliyan 3 suka zo, aka shiga yaye malamai cikin gaggawa. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. Manufar ilimi ta 1977 ta dawo da harshen uwa ko na muhalli a farkon firamare, a takarda dai, ta kuma haifi ƙaramar sakandare, wadda ta fara aiki a 1982, magajiyar Midil ta fuskar shekarun yara. Kwalejoji kuma suka koma koyar da hanyar sadarwa, mai son a raba yara rukuni-rukuni su yi hira. Abin da ɗan gwajin koyarwa kan tarar a makarantun gwamnati da yawa daban ne: aji maƙil, littafi ɗaya a tsakanin yara da dama, malam ya karanta jimla da Turanci ya bi ta da bayani da Hausa, kamar dai a zaure, alhali a wajen aji ana cin tarar yaro don ya yi banakula. Ranar da mai dubawa ya zo daga kwaleji, Hausa takan ɓace daga ajin sai ya tafi. Ɗalibin malanta kan koyi darasi biyu ke nan, na maki da na yau da kullum, kuma na biyun, wanda da shi zai rayu, ba wanda ya zauna ya koya masa yadda ake yin sa da tsari. Dan Lortie ya ƙiyasta a 1975 cewa kafin mutum ya shiga kwalejin malanta ya riga ya yi wajen sa'o'i 13,000 yana kallon malamansa. Makonnin kallo na kwaleji da wannan tsohon kallo suke kokawa.

A ƙetaren iyaka, a Jamhuriyar Nijar, tambayar ta ƙara hawa ɗaya. Can yaro kan yi shekara 6 a firamare da Faransanci, sa'an nan ya shiga kwalej ta shekara 4 mai ƙarewa da jarrabawar BEPC, kuma a ajinta na farko yake fara Turanci. 'Yan sa kai na Amurka da suka fara zuwa ƙasar a 1962 Turanci suka zo koyarwa. Ana horar da malaman wannan mataki a babbar makarantar malamai ta Jami'ar Abdu Mumuni da ke Yamai, jami'ar da ke ɗauke da sunan masanin da ya rubuta littafi a 1964 yana kira da a ba harsunan Afirka gurbi a makaranta. A 1973 kuma aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Duk da haka, idan ma'ana ta cije wa malamin Turanci a Maraɗi ko Ƙonni, al'adar lakwal Faransanci take tura shi, harshen da shi ma yaron bai gama mallaka ba, sai yaro ya yi fassara sau biyu kafin ya kai ga nasa. Alhali yaron nan, albarkacin kasuwannin kan iyaka da motocin da ke kai da kawowa tsakanin Maraɗi da Katsina, ya shigo ajin da mota da birki da direba da fasinja a bakinsa, tun bai san cewa Turanci ne ba.